FILIN LAMBU: Sabatiya, Furen Da Ba Ya Shiri Da Mai Gaggawa

A gabashin ƙasar Amurka, idan watan Yuli ya raba, zafi ya kankama, furannin da suka yi wa daji ado tun farkon shekara duk sun yi yaushi sun zube, a sa'an nan ne wata 'yar ciyawa takan tashi a gefen hanyoyin mota, da bakin kurmi, da tsofaffin gonakin da aka bari suka zama saura, ta lulluɓe kanta da furanni masu ruwan hoda, masu ƙanshi mai sanyi, har matafiyi ya rage gudu don ya ƙara kallo. Mutanen ƙasar suna kiranta rosepink, watau mai launin wardi. Masana ilmin tsirrai kuwa sunan da suka ba ta shi ne Sabatia angularis. Domin sauƙin faɗi, a wannan fili za a riƙa ce mata Sabatiya.

Ba abin mamaki ba ne in wanda ya ga irin wannan kyau a daji ya yi sha'awar kai shi gida. Masu lambu da yawa a can sun gwada, da yawa kuwa sun tashi a tutar babu. Wani ya shuka iri bai ga ko tsiro ɗaya ba. Wani ya ga tsiro amma shekara ta ƙare ba fure, ya yi fushi ya nome wurin. Wani kuma ya sami fure har ya kira maƙwabta kallo, amma da shekara ta zagayo sai ya tarar da wurin wayam, kamar an yi ruwa an ɗauke. Alhali kuwa Sabatiya ba ta cikin tsirrai masu wuyar sha'ani. Ba ta neman taki, ba ta neman feshin magani, dabbobi ma ba su cika damunta ba. Abin da ke kashe ta a lambu shi ne halayen nan da ake yabon mai lambu da su, watau yawan shara, da yawan noma, da yawan taki, da son ganin amfani tun ba a je ko'ina ba.

KAMANNINTA

In ta girma, tsawonta yakan kama daga ƙafa ɗaya zuwa ƙafa uku. Karanta ba mulmulalle ba ne kamar na yawancin ciyayi, kusurwa huɗu gare shi, kowace kusurwa da ɗan kaifi, wanda duk ya murza shi tsakanin yatsu zai ji. Daga nan kalmar angularis ta fito, gama da harshen Latin ma'anarta mai kusurwa. Ganyayenta bibbiyu suke fita suna fuskantar juna, ba su da mariƙi, sun rungumi karan kai tsaye. Rassan ma haka, biyu-biyu, har saman tsiron ya baje kamar wanda aka daidaita da hannu.

Shi kuwa furen faɗinsa kamar inci ɗaya ne ko ya ɗan ɗara, kunnuwa biyar gare shi. A tsakiyarsa akwai siffar tauraro mai launin rawaya da ya sirka da kore, an kewaye shi da siririn jan layi kamar zanen alƙalami. Jefi-jefi akan sami mai farin fure. Takan fara fure a watan Yuli ta ci gaba har cikin Satumba. Ƙasarta ta asali ta miƙa tun daga jihohin Niyok da Mishigan a arewa har zuwa arewacin Fulorida da gabashin Teksas a kudu, kuma duk inda aka same ta za a ga wuri ne mai sarari, inda rana ke kaiwa ƙasa.

DANGINTA DA ASALIN SUNANTA

Sabatiya 'yar dangin Jentiyana ce, babban dangin tsirrai mai iri fiye da 1,500 a duniya. Marubutan Rum da Girka na dā sun ce an samo sunan dangin daga Jentiyus, sarkin Iliriya, wajen ƙasar Albaniya ta yau, wanda Rumawa suka ci da yaƙi a shekara ta 168 kafin Miladiyya, wai shi ya fara gane amfanin saiwar ɗaya daga cikinsu. Tambarin wannan dangi shi ne ɗaci. Saiwar Jentiyana mai rawayan fure, wadda ke fitowa a duwatsun Turai, tana ɗauke da wani sinadari da ake lissafa shi cikin mafiya ɗaci da aka sani. Furen nan da ake kira lisianthus, wanda masu sayar da furanni ke kaiwa manyan biranen duniya, shi ma ɗan gidan ne. Har a Nijeriya dangin yana da wakilai, gama binciken masana na baya-bayan nan ya sa bishiyar nan mai manyan ganyaye ta kurmi da bakin rafi, wadda ake kira kwari da Hausa, sapo da Yarbanci, cikin wannan dangi.

Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Linneyus, shi ya fara rubuta bayanin tsiron a shekarar 1753, amma ƙarƙashin wani suna dabam. A shekarar 1763 wani Bafaranshe mai suna Michel Adanson ya ƙago sunan Sabatia domin girmama Liberato Sabbati, mai kula da lambun nazarin tsirrai na birnin Rum. Wannan Adanson ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. Ya yi wajen shekara biyar a Sanagal tun daga 1749 yana nazarin itatuwa, kuma da sunansa aka raɗa wa kuka sunanta na kimiyya, Adansonia. Sai a shekarar 1814 Frederick Pursh ya haɗa sunayen biyu ya ba tsiron sunan da ake kiransa da shi har yau.

Mutanen garin Filimas na jihar Masacusets suna da wani labari nasu. Sun ce Turawan Ingila da suka sauka can a shekarar 1620 su ne suka sa wa wata 'yar'uwar wannan fure suna, wai don sun fara ganinta a ranar hutunsu ta mako, wadda suke kira Sabat. Labarin yana da daɗin ji, amma waɗannan baƙi a watan Disamba suka sauka, tsakiyar hunturu, lokacin da babu furen da ke leƙowa a wannan yanki.

Ɗacin dangi bai tsallake Sabatiya ba. Wanda ya tauna ganyenta zai tuna da shuwaka ko ɓawon maɗaci. A ƙarni na 19 likitocin Amurka sun riƙa ba da jiƙonta don buɗe ciki da kuma zazzaɓi, har ta shiga littafin magunguna na ƙasar, kafin daga baya a ajiye ta. Yau amfanin ɗacin ga mai lambu ɗaya ne: barewar dajin Amurka, wadda ke shiga unguwanni da dare tana cinye furannin mutane, ba ta cika kula ta ba.

SHEKARA BIYU, FURE SAU ƊAYA

Babban abin da ya kamata mai son Sabatiya ya fara sani shi ne, rayuwarta duka shekara biyu ce, ba ƙari. Manoman albasa ba za su yi mamakin wannan ba. Sun san albasa takan yi kai a zuwan farko, sa'an nan sai an sake dasa kan kafin ya fid da kara ya yi fure ya ba da iri. Karas da kabeji ma haka suke. To, Sabatiya ita ma wannan hanya take bi, sai dai ita abin da ke raba zuwan farko da na biyu shi ne hunturu mai dusar ƙanƙara.

Irin yakan zube ƙasa da kaka, ya kwana cikin sanyi da danshi wata da watanni, sa'an nan ya tsiro idan ƙasa ta fara ɗumi, wajen watan Afrilu ko Mayu. A wannan shekara ta farko tsiron ba ya tashi sama ko kaɗan. Yakan shimfiɗa 'yan ganyaye ne a ƙasa, a kewaye, kamar ƙaramin faifai, wanda faɗinsa sau da yawa bai kai tafin hannu ba. Duk abin da ganyayen suka samu daga rana sai su tura wa saiwa ajiya. Haka zai zauna, kore shar, har hunturu na biyu ya zo ya rufe shi ya wuce. Sai a shekara ta biyu kara zai fito daga tsakiyar faifan, ya yi rassa, ya yi fure, ya yi 'ya'ya. Da irin ya nuna, uwar ta gama aikinta, sai ta bushe har saiwa. Babu ban ruwa ko taki da zai komo da ita.

A nan ne masu lambu biyu daga cikin ukun da aka ambata suka yi tuntuɓe. Wanda ya nome wurin a shekarar farko, faifan ganyen nan ya ɗauka ciyawa ce, ya kashe abinsa da hannunsa ana saura 'yan watanni ya ci moriya. Wanda kuma ya ga fure sau ɗaya bai sake gani ba, ko dai ya yanke busassun karan don tsabta tun iri bai nuna ba, ko kuwa irin ya zuba amma bai jira shekara biyun da sabon zuwa ke bukata ba.

Maganin wannan mai sauƙi ne. Na farko, a kafa 'yan turaku a kewaye inda aka shuka, a kuma koyi gane faifan ganyen, domin kada fartanya ta bi ta kansa. Na biyu, a yi shuka shekara biyu a jere a wuri ɗaya. Ta haka za a sami zuriya biyu suna karɓa-karɓa, wannan tana fure waccan tana faifai, ba shekarar da lambu zai zauna ba ado.

YADDA AKE SHUKA TA

Wurin da ya dace da ita shi ne mai samun rana sosai, ko kuwa mai 'yar inuwa ta wani sashe na yini. Tana son ƙasa mai riƙe danshi amma wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Jigawa mai ɗan laka ta yi, ƙasa mai tsakuwa ma ta yi. Abin da ba ta so shi ne ƙasar da aka cika wa taki. Ba don takin zai ƙone ta ba, a'a, sai don zai ƙarfafa manyan ciyayi su tashi su rufe ta, ita kuwa tana kwance a ƙasa shekara guda cur ba ta da ƙarfin kokawa da su. A ƙasa maras ƙarfi, inda manyan ba sa sakewa, nan take cin kasuwarta.

Irin Sabatiya ƙanana ne ƙwarai, sun fi na alayyafo ƙanƙanta, sun yi kusa da irin taba. Kwanso ɗaya, wanda bai fi ƙwayar wake girma ba, yana ɗauke da ɗaruruwa. Iri mai wannan ƙanƙanta ba shi da guzurin da zai huda ƙasa ya fito, kuma yana bukatar haske kafin ya farka. Saboda haka ba a binne shi. Mai lambu na farko, wanda bai ga ko tsiro ɗaya ba, yawanci laifinsa ke nan: ya yi rami ya rufe, kamar mai shuka masara. Yadda ake yi shi ne a share wurin har ƙasa ta bayyana, a ɗan karce samanta, a gauraya irin da yashi mai laushi kamar yadda masu renon taba ke yi don ya bazu daidai, a yafa, sa'an nan a danna da tafin hannu ko da faffaɗan katako don ya manne da ƙasa. Ba a ƙara kome a kai.

Lokacin da ya fi kyau shi ne ƙarshen kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, domin hunturu ya yi aikinsa da kansa. Irin yana da wani barci wanda sanyi mai danshi ne kaɗai ke karya shi, kuma wannan barcin kariya ce, don kada ya tsiro da kaka sanyi ya halaka jaririn tsiro. Wanda lokaci ya ƙure masa yana iya yi wa irin dabara: ya gauraya shi da yashi mai ɗan danshi, ya ƙulle a leda, ya ajiye a firiji, ba a sashen ƙanƙara ba, har kimanin kwana 60, kana ya fitar ya yafa.

Wajen ban ruwa ma sai da lura. In aka kwarara ruwa da bokiti, irin zai bi ruwa ya taru a lungu ɗaya ko ya nutse cikin laka. Yayyafi ake yi mai laushi. In a tukwane aka shuka, gara a sa tukunyar cikin faranti mai ruwa ta sha ta ƙasa. Kada a bari saman ƙasa ya bushe ƙayau a makonnin farko, gama saiwar jaririn ba ta fi gashi kauri ba. Wanda zai yi dashe ya yi tun faifan yana ƙarami, ya ɗauko shi da ƙasarsa, ya bar tazarar kamar ƙafa ɗaya tsakanin tsiro da tsiro. Bayan ta kama, ba ta bukatar ruwa sai in fari ya yi tsawo.

TSINTSIYA ƊAYA BA TA SHARA

Akwai wani sha'ani na furen Sabatiya wanda ya sa shuka ƙwaya ɗaya ko biyu ba ya wadatarwa. Kowane fure yana da sashen namiji mai fid da bununi, da sashen mace mai karɓa, amma ba sa nuna tare. Idan furen ya buɗe, sashen namiji ne ke fara aiki. A lokacin nan sashen macen yana kwance gefe guda, rassansa biyu a murɗe da juna kamar igiya, ba ya karɓar kome. Bayan 'yan kwanaki, bununi ya ƙare, sai na namijin ya nannaɗe, na macen ya miƙe tsaye ya warware. Manomi ya san irin wannan a masara, inda kai ke fara zubar da bununi kafin gemu ya gama fitowa. Amfanin abin shi ne a rage barbarar fure da kansa, a ba bununin wani tsiro dabam damar shigowa.

Masu kawo bununin kuwa ƙananan ƙudajen zuma ne na daji, irin waɗanda ba sa zama a amya, da wasu ƙudaje masu shawagi a kan furanni. Furen ba shi da ruwan zaƙi, bununin shi ne ladan da yake biyansu. Rachel Spigler, wata masaniya da ta daɗe tana nazarin wannan tsiro, ta nuna cewa furen da bai sami barbara ba yakan daɗe a buɗe yana jira, wanda ya samu kuwa nan da nan yake yaushi.

Duk da haka Sabatiya tana iya yin iri da bununin kanta, musamman da yake tsiro ɗaya yakan buɗe furanni da yawa a lokaci guda, ƙudan zuma ya tashi daga wannan ya faɗa wancan. Tambayar ita ce, wane irin iri ke fitowa? A shekarar 1990 Michele Dudash ta buga sakamakon gwajin da ta yi a kan haka. Ta haɗa wasu furanni da bununin kansu, wasu da na tsirrai dabam, ta shuka 'ya'yan a wuri uku: ɗakin reno na gilashi, da lambu, da kuma daji. A ko'ina 'ya'yan barbarar waje sun fi na barbarar gida ƙarfi da yawan haihuwa, amma tazarar ta fi faɗi a daji, inda rayuwa ta fi tsanani. Watau raunin auren gida yana iya ɓuya inda ake lallashi, amma da wuya ta zo sai ya fito fili. Daga baya, a shekarar 2008, Spigler da abokiyar aikinta Shu-Mei Chang suka duba wuraren da tsiron ke fitowa da kansa a jihar Karolina ta Arewa, suka tarar cewa inda tsirran ba su da yawa, 'ya'yan da suke yi ma sukan ragu.

Darasin da ke nan ga mai lambu a bayyane yake. Kada ya shuka biyu ko uku don gwaji. Ya shuka da yawa, gomiya ko fiye, kusa da juna yadda ƙudan zuma zai gan su daga nesa, amma ba a cunkushe ba. In da hali, bayan 'yan shekaru ya sayo sabon iri ya ƙara a kan nasa, don jini ya sabunta. Kuma ya nisanci feshin maganin ƙwari a kusa da su lokacin fure, gama wanda ya kashe ɗan aike ba ya jiran amsa.

BAYAN FURE

Idan fure ya wuce, tsiron ba shi da kyan gani. Karan yakan yi ruwan ƙasa, ya tsaya ƙeƙasasshe da 'yan kwansuna a kai. A nan ne hannun mai son tsabta ke ƙaiƙayi, a nan ne kuma ya kamata ya haƙura. Sai kwanson ya bushe ya tsage biyu, wajen watan Oktoba, iri ya nuna. Daga nan ana iya girgiza karan a inda ake son sabon zuwa, ko a karkaɗe irin cikin ambulan na takarda a ajiye a wuri mai sanyi maras danshi.

Masu lambu a Amurka suna da al'adar rufe ƙasa da ɓawon itace ko busassun ganye don hana ciyawa fitowa da riƙe danshi. Al'ada ce mai kyau ga bishiyoyi da manyan furanni, amma ga Sabatiya kabari ce, domin irin da ya faɗa kan wannan shimfiɗa ba ya taɓa ƙasa, wanda ya faɗa ƙarƙashinta kuwa ba ya ganin haske. Dole a bar mata ƙasa tsirara nan da can, a kuma kwashe ganyen bishiya da ya zubo kan faifan da kaka. Mai lambu ya kuma sani ba za ta tsaya inda ya ajiye ta ba. Bana tana nan, baɗi ta ɓulla taku biyar gaba, a bakin hanya ko tsakanin duwatsu. Wata shekara ta yi yawa, wata shekara ta yi ƙaranci. Ko a daji haka halinta yake.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA WUCE ADO

A yawancin jihohin da take fitowa, Sabatiya ba ta cikin hatsari. Amma a gefen ƙasarta na arewa labari ya sha bamban: jihar Niyok ta sa ta cikin tsirran da ke gab da ɓacewa a jihar, Mishigan kuma cikin waɗanda ake jin tsoron ɓacewarsu. Wata 'yar'uwarta, Sabatia kennedyana, mai fitowa a bakin tafkuna, wadda ita ce ta labarin mutanen Filimas, tana cikin jerin masu gab da ɓacewa a Kanada.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tsiron sarari ne, sararin kuwa yana ƙarewa ta fuska biyu. Ta fuska ɗaya, filayen da a dā gobarar daji ko kiwo ke hana su rufewa, yanzu an bar su sun koma kurmi, inuwa ta kashe na ƙasa. Ta ɗaya fuskar, an mai da filaye gidaje da hanyoyi, an shimfiɗa musu ciyawar ado wadda ake aske wa da inji kowane mako kamar filin ƙwallo. A shekarar 2005 wani bincike da Cristina Milesi da abokan aikinta suka yi, da taimakon hotunan tauraron ɗan Adam, ya ƙiyasta cewa irin wannan ciyawa ta rufe fiye da murabba'in kilomita 160,000 a Amurka. Ko a gefen hanya, inda Sabatiya ta sami mafaka, in injin yankan ciyawa ya bi a watan Agusta, ya yanke fure tun bai zama iri ba, to, wahalar shekara biyu ta tafi a banza. In aka maimaita haka 'yan shekaru, wurin ya rabu da ita ke nan. In kuwa aka jinkirta yankan zuwa ƙarshen kaka, injin nan da kansa sai ya zama mai taimako, ya kawar da manyan ciyayi ya buɗe wa iri ƙasa.

Tun ba yau ba wasu suka farga. Uwargidan Shugaba Lyndon Johnson, wadda aka fi sani da Lady Bird, ta tsaya tsayin daka har aka yi dokar ƙawata manyan hanyoyi a shekarar 1965, sa'an nan a 1982 ita da 'yar wasan kwaikwayo Helen Hayes suka kafa cibiyar nazarin furannin daji a birnin Ostin na Teksas, wadda yanzu ke ɗauke da sunanta. Daga irin wannan yunƙuri ne aka sami masu sayar da irin tsirran ƙasa, kuma wurinsu ya kamata mai son Sabatiya ya nufa.

Abin da bai kamata ba ko kaɗan shi ne a je daji a tono mai fure a kawo gida. Tsiron da ke fure ya riga ya kama hanyar mutuwa, ko an dasa shi ba zai sake shekara ba, kuma an raba wurin da dubban irin da zai zubar. Mai tonon bai samu ba, daji ya rasa. A gandun dajin gwamnati doka ma ta hana. Wanda zai ɗebi iri a filin wani ya nemi izini tukuna, ya ɗebi kaɗan daga tsirrai da yawa, ya bar mafi yawa a inda ya same su.

GA MAI KARATU NA GIDA

Mai karatu a Kano ko Ikko ko Fatakwal zai so ya ji ko Sabatiya za ta yi a lambunsa. Gaskiyar magana, ba tsiron ƙasa mai zafi ba ce. Firiji yana iya tsaya wa iri a madadin hunturu, amma faifan ganyen da ke ƙasa shi ma hunturu yake ratsawa kafin ya fid da kara, sanyin Jos da na Mambila kuwa, duk da kaifinsu, ba su kai nan ba. Bugu da ƙari, shigo da irin shuka daga waje sai da takardar izinin hukuma. Wanda zai ci moriyar wannan bayani kai tsaye shi ne ɗan'uwa mazaunin gabashin Amurka da ke da ɗan fili a bayan gida.

Shi kuwa ga abin da zai riƙe. Da kaka ya share wuri mai rana, ya yafa iri da yawa a sarari, ya danna, ya kafa turaku. Shekara ta farko ya cire manyan ciyayi da hannu, ya bar faifan ganye, da kaka kuma ya sake yafa wani irin. Shekara ta biyu ya sha kallo daga Yuli zuwa Satumba, ya ɗaure hannunsa har kwanso ya tsage. Daga nan aikinsa bai wuce ya bar mata 'yar ƙasa tsirara kowace shekara ba, sauran ita da ƙudan zuma za su ƙarasa.